Talmud bugun Venis da dala miliyan tara: me ake saye a tsohon littafi?

Baban Nusaiba:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Sana'ata sayar da littattafan addini ce, bugun Misira da na Beirut da na nan gida, shi ya sa duk abin da ya shafi kuɗin littafi yake jan hankalina. Ina so masana su warware mini wani abu. A watan Disamba na 2015 kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke New York ya sayar da Talmud, wato babban kundin fiƙihu da muhawarar malaman Yahudawa, a kan dala miliyan 9.3. Kuma ba rubutun hannu ba ne, na ɗab'i ne, an buga shi a birnin Venis na Italiya wajen shekara ɗari biyar da suka wuce. Da rubutun hannu ne da na gane, don guda ɗaya ne tak a duniya. Amma abin da aka buga da yawa, har gobe kuma ana sake bugawa, me ya kai shi wannan kuɗi? Ilimin ake saye ko tsufan takarda?

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam. Baba, da girmanka, ni ban ga abin da ya haɗa mu da littattafan Yahudawa ba, musamman a wannan lokaci da zukata suke cike da abin da ake yi wa Falasɗinawa.

Malama Ta Zariya:
Abu Yasir, ƙanina, zafin da ke ranka yana ran kowa a nan. Amma dubi su waye mutanen da ake magana a kansu. A watan Janairu na 1492 Garnaɗa ta faɗi, mulkin Musulmi ya ƙare a Andalus. Kafin shekarar ta fita aka kori Yahudawan Sifaniya kaf, sai wanda ya yarda ya bar addininsa. Bayan 'yan shekaru kuma aka tara littattafan Larabci a dandalin Garnaɗa aka cinna musu wuta. Mulki ɗaya ne ya yi duka biyun. Waɗanda aka kora ɗin ina suka nufa? Da yawansu ƙasashen Musulmi. Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ya karɓe su, birnin Fas na Maroko ma ya karɓe su. 'Yan'uwa biyu daga cikinsu, Dawuda da Sama'ila Ibn Nahmiyas, su suka buga littafi na farko a Istanbul a 1493. A Fas kuma, wani mai suna Samuel Nedivot da ɗansa, waɗanda suka baro Lisbon, suka buga wani sharhin addu'o'i da ake kira Abudarham a 1516. Shi ne littafi na farko da aka taɓa bugawa a nahiyar Afirka baki ɗaya. To ka ga tarihin ɗab'i a nahiyarmu ma daga nan ya faro.

Abu Yasir:
Na ji, Malama. Zan saurara, amma ra'ayina kan masu zuba miliyoyi a tsohuwar takarda yana nan.

Malama Ta Zariya:
Riƙe shi, za mu zo kansa. Bari in amsa wa Baban Nusaiba tukuna.

Wanda ya buga wancan Talmud ɗin ba Bayahude ba ne ma. Kirista ne ɗan Antwerp, sunansa Daniel Bomberg, ya zauna a Venis. A lokacin ba a yarda Bayahude ya mallaki maɗaba'a a birnin ba, a 1516 ma aka killace su a unguwa guda. Sai ya zama kuɗi da izini na Bomberg ne, ilimi da gyara na malaman Yahudawa da ya ɗauka aiki. Cikinsu akwai wani mutumin Tunis, Yakubu bin Hayyim, wanda ya tsara masa bugun Attaura da littattafan annabawa mai ɗauke da sharhohi a 1524 zuwa 1525.

Talmud kuwa ya kammala shi a 1523, bayan aikin shekara uku zuwa huɗu, kuma shi ne karo na farko da aka buga shi cikakke. Kafin nan iyalin Soncino sun buga wasu juzu'ai daban-daban tun daga 1483, su ne ma suka zaunar da tsarin shafin: matani a tsakiya, sharhin Rashi, wani babban malaminsu na Faransa, ta ciki, bayanan da ake kira Tosafot ta waje. Amma lambobin warƙoƙin da Bomberg ya sa su ne ake bi har yau. Idan malami a Amurka ya ce wa ɗalibi a Maroko ya duba warƙa kaza, fuska ta biyu, za su buɗe wuri ɗaya ko da bugunsu ya bambanta. Kai da kake sayar da littattafai ka san wahalar da ake sha idan malami yana riƙe da bugun Misira, ɗalibi yana riƙe da na Beirut.

Baban Nusaiba:
Wallahi na sani. Kullum sai an dawo mini da littafi a ce shafi bai zo daidai da na malam ba. To amma wannan daraja ce ta ilimi. Ina dalilin tsadar?

Malama Ta Zariya:
Wuta ce dalilin. Kuma abin takaici, rikicin 'yan kasuwa ne ya jawo ta. A 1550 wasu masu ɗab'i biyu a Venis, dukansu Kiristoci, Bragadin da Giustiniani, kowanne ya buga kundin fiƙihun Musa bin Maimun, shahararren malamin Yahudawa. Bragadin ya yi nasa tare da babban malamin Padua, ɗayan kuma ya fito da nasa ya karya farashi. Aka kai ƙara wurin malamin Krakow, Musa Isserles, ya yi fatawa kada a sayi na Giustiniani sai na farkon ya ƙare. Daga nan kowannensu ya kai ƙarar ɗan'uwansa Rum cewa littattafansa na ɗauke da ɓatanci ga Kiristanci. Garin neman gira aka rasa ido. A ranar 9 ga Satumba 1553, ranar sabuwar shekarar Yahudawa, zamanin Fafaroma Julius na Uku, aka tara Talmud a dandalin Campo de' Fiori a Rum aka ƙone. Wata na gaba aka yi haka a Venis, sauran garuruwa suka bi. Gida-gida ake shiga ana kwasowa.

Saboda haka cikakkun jerin bugun Bomberg da aka sani a duniya yau goma sha huɗu ne kacal. Shi wanda aka sayar ɗin ya tsira ne don ya daɗe a Ingila, a ɗakin karatu na cocin Westminster. Wani ɗan kasuwar lu'ulu'u a Landan, Jack Lunzer, ya gan shi a wani baje koli a 1956, ya yi ta bibiya fiye da shekara ashirin cocin na ƙi. Sai da ya samo wata tsohuwar takardar shaidar kafa cocin, mai shekara wajen ɗari tara, ya saya ya ba su, sannan suka yi musaya a 1980.

Ɗan Gusau a Ingila:
Malama, Allah ya ƙara basira. Ina so in ƙara abin da na gani da idona. A ɗakin ajiyar tsofaffin littattafai na jami'ar da nake karatu an taɓa fito mana da wani bugun Italiya na ƙarni na 16. Takardar na da kauri, idan ka shafa a hankali za ka ji inda haruffan dalma suka nutse a cikinta, don da hannu ake dannawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne aikin masu tacewa na coci, wato masu shafe duk abin da suke ganin ɓatanci ne ga Kiristanci. Za ka ga layi biyu ko uku an bi su da tawada an shafe. A wani shafin tawadar mai tacewa ta ci takardar har ta huda ta. A wani kuma ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, baƙin ɗab'in na asali ya fito fes a ƙarƙashinta, ana karantawa ba wahala. A shafin ƙarshe mai tacewar ya sa hannu da shekara da haruffan boko. Ma'aikaciyar ta ce mana da yawan masu wannan aiki tsofaffin Yahudawa ne da suka koma Kiristanci, don su ne suka iya harshen, kuma mai littafin ne yake biyan kuɗin tacewar.

Masu tara littattafai har sa hannun nan suke dubawa, saboda yana nuna inda littafin yake a shekara kaza.

Alaramma Na Gabas:
Yarona, yaya suke gane shekarar bugu? Suna rubuta ta da lamba?

Ɗan Gusau a Ingila:
Allah gafarta Malam, wannan fanninku ne. Da haruffa suke yi, kamar ramzin da malamanmu ke rufe waƙa da shi. Su zaɓi kalma ko guntun aya, a sa alama a kan haruffan da za a lissafa. Juzu'in farko da Soncino suka buga, kalmar da suka sa haruffanta huɗu ne, daidai da jim, mim, ra, alif.

Alaramma Na Gabas:
Jimun uku, mimun arba'in, ra'un ɗari biyu, alif ɗaya. Ɗari biyu da arba'in da huɗu.

Ɗan Gusau a Ingila:
Haka yake, Malam, ƙimar waɗannan haruffa ɗaya ce a Ibrananci da Larabci. Shekara ta 5244 ke nan a lissafinsu, ana barin dubban. Sai a ƙara 1240 a samu ta Miladiyya, wato 1484. Amma da yake shekararsu tana kamawa wajen Satumba, shi kuma littafin a Disamba aka gama shi, sai ya faɗa 1483. Wanda bai san wannan ba yakan yi kuskuren shekara guda.

Abu na biyu shi ne hatimin da ke cikin jikin takarda, wanda ba ka gani sai ka ɗaga ta sama ta fuskanci haske. Kowace masana'antar takarda da nata.

Ɗan Damagaram:
Wannan kam mun san shi. A gafakar kakanmu akwai Risala rubutun hannu, idan ka ɗaga warƙa za ka ga jinjirin wata uku a jere. An ce mana daga arewacin Italiya irin takardar take, ta biyo Tarabulus ta keto Sahara.

Malama Ta Zariya:
Gaskiya ne, yankin Venis ɗin ne dai, sai dai taku ta fi ƙuruciya, galibi ta ƙarni na 19 ce.

Baban Nusaiba, ga wani lissafi da zai ƙara maka haske. Littattafan da aka buga a Turai kafin 1501 sun kusa iri dubu talatin. Na Ibrananci a ciki ba su kai ɗari biyu ba. Na farko da ke ɗauke da kwanan wata shi ne sharhin Rashi a kan Attaura, wanda aka gama a Reggio di Calabria a 1475, kuma kwafi ɗaya ne kusan cikakke ya rage, yana Parma. Littafi na farko da aka buga a ƙasar Fotugal ma Attaura ce, a garin Faro a 1487, ita ma ɗaya ta rage, tana Landan. Na Sifaniya kuwa wasu ba a san da su ba sai ta warƙa ɗaya ko biyu da aka ciro daga cikin bangon wani littafin, inda mai ɗinki ya yi ciko da su. Mutanen da aka ba 'yan watanni su bar ƙasa, littafi nawa za su ɗauka?

Kuma akwai abin da na fi so a cikin labarin. A Mantua, a wajen 1476, wata mata mai suna Estellina, matar likita Abraham Conat, ta rubuta sunanta a ƙarshen littafi a matsayin wadda ta yi aikin. Tana cikin matan farko da aka san sunansu a harkar ɗab'i.

Hajiya Babba:
Na karanta duka, kuma ni ina bayan Abu Yasir a rabin maganarsa. Duk abin da Malama ta lissafa masifa ce: kora, ƙonawa, tacewa. Ashe ke nan gwargwadon wahalar da mutane suka sha, gwargwadon ribar mai gwanjo. Wannan bai kwanta mini ba. Littafin da aka buga don a karanta a yi ibada, ya koma cikin akwatin ƙarfe na wani attajiri yana jiran farashi ya tashi. Su a addininsu ma ya halatta?

Alaramma Na Gabas:
Hajiya, mu a wurinmu an tattauna sayar da Mus'hafi tun da daɗewa. Akwai magabatan da suka ƙi, amma malamanmu na Malikiyya sun halatta, a kan cewa kuɗin takarda ne da tawada da wahalar marubuci. Mahaddatanmu da ke rubuta Alƙur'ani da ka, su yi masa zayyana, ai sayarwa suke yi su ci abinci. Amma sayen da ake yi don a karanta daban, wanda ake yi don a kulle daban. A nan ina tare da ke.

Malama Ta Zariya:
Su ma suna da iyaka. Naɗaɗɗiyar Attaura da ake karantawa a majami'a har yau da hannu ake rubuta ta a kan fata, bugun inji ba ya isarwa, kuma Talmud ya hana sayar da ita sai don lalura irin neman ilimi ko aure. Littattafan ɗab'i hukuncinsu ya fi sauƙi. Wanda ya tsufa kuma ba a yar da shi, ana tara shi a wani ɗaki sannan a binne. Irin wannan ɗaki ne aka samu a majami'ar Ben Ezra da ke tsohuwar Alƙahira, inda Solomon Schechter ya kwashi guntaye kusan dubu ɗari biyu ya kai Cambridge a 1897.

Amma Hajiya, ba zan ɗora wa masu tarawa laifi duka ba. Lunzer ya kwashe rayuwarsa yana bin garuruwan da aka taɓa buga littafin Ibrananci, ya tara wajen dubu goma sha uku, masu bincike suna zuwa gidansa su duba. Da bai tara ba, da yawa da sun watse ba a san inda suka shiga ba. Mafi yawansu kuma a 2017 suka koma babban ɗakin karatu na ƙasar Isra'ila. Haka tsohon kundin nan na Attaura da littattafan annabawa, rubutun hannu, da ake kira Sassoon, wanda ya haura shekara dubu: a 2023 an saye shi dala miliyan 38.1, mai sayen ya ba gidan tarihi a Tel Aviv.

Hajiya Babba:
To shi Talmud ɗin da aka faro magana a kansa fa? Ɗakin karatu ya tafi?

Malama Ta Zariya:
A'a, hannun mai kuɗi ya shiga. Kuma an zare shi ne daga cikin tarin tare da wasu 'yan manyan, aka sayar da su daban.

Hajiya Babba:
To kin ga abin da nake faɗa. Mutum ya haɗa abu shekara da shekaru, a ƙarshe aka cire mafi daraja aka kai kasuwa.

Ɗan Gusau a Ingila:
Hajiya, akwai wanda ya fi wannan ciwo. Wasu dillalai idan suka samu littafin da bai cika ba, sai su farke shi su riƙa sayar da warƙa ɗai-ɗai, don jimillar ta fi kuɗin littafin a haɗe. Wasu kuma su haɗa rabin wannan da rabin wancan, su cike giɓin da hoton shafi a kan tsohuwar takarda, su ce cikakke ne. Shi ya sa mai saye na gaske yake ƙirga warƙoƙi ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko hudar da ƙwaro ya yi ta zarce daga shafi zuwa shafi. Idan huda ta tsaya cak sannan ta ci gaba bayan warƙa uku, waɗannan ukun baƙi ne.

Jabu ma ya taɓa rikita manyan malamai. A 1907 wani mai suna Friedländer ya fito da bugu ya ce ya gano ɓataccen sashen Talmud na Ƙudus, wani kundin Talmud na daban, a wani tsohon rubutu. Malamai da dama suka yi murna, sai daga baya aka gano shi ya harhaɗa abinsa daga wurare daban-daban.

Mai Kula da Zaure:
Ina so a taɓo maganar asalin mallaka, don ita ce ta fi nauyi a gani na. 'Yan Nazi sun kafa rukuni na musamman don wawashe ɗakunan karatun Yahudawa a Turai. Bayan yaƙi sojojin Amurka suka tara miliyoyin littattafai a Offenbach ta Jamus suna neman masu su, da yawa kuma babu wanda ya rage a gidan da za a mayar wa. Don haka duk littafin da ya fito kasuwa yau, tambayar farko ita ce: ina yake tsakanin 1933 da 1945? Hatimin makaranta ko na majami'a da aka kankare alama ce da ya kamata ta tsayar da ciniki.

Abu Yasir:
A duk wannan, babu Musulmin da ya taka rawa sai karɓar baƙi?

Malama Ta Zariya:
Akwai, kuma ya kamata ka san sunansa. Derviš Korkut, malami ne Musulmi ɗan Bosniya, ma'aikacin ɗakin karatu a gidan tarihin Sarajevo. Suna da wani ɗan littafi rubutun hannu mai zane-zane, na addu'o'in daren Idin Ƙetarewa, wanda aka yi a Sifaniya a ƙarni na 14. Ya tsallake korar 1492, ya bi ta Italiya har mai tacewa ya sa masa hannu a 1609. Da Jamusawa suka zo nemansa a Yaƙin Duniya na Biyu, Korkut ya fitar da shi a ɓoye aka adana shi a wani ƙauyen Musulmi a kan duwatsu. Shi da matarsa kuma suka ɓoye wata yarinya Bayahudiya a gidansu. Littafin yana Sarajevo har yanzu, da tabon ruwan inabi a shafukansa, shaidar cewa a kan teburin cin abinci aka yi amfani da shi.

Wani abin da zai ba ka sha'awa: a 1546 iyalin Soncino sun buga Attaura a Istanbul tare da fassarar Larabci ta Sa'adiya al-Fayyumi da ta Farisanci, duka da haruffan Ibrananci. Ajaminsu ke nan.

Baban Nusaiba:
Na gamsu da dalilin tsadar, ko da yake zuciyata ta fi karkata wajen Hajiya. Tambaya ta ƙarshe ta ɗan kasuwa: wanda ba shi da miliyoyi, me yake tarawa a wannan fanni?

Ɗan Gusau a Ingila:
Yawancin kasuwar ma a nan take, Baba. Akwai bugun Amsterdam na ƙarni na 17 da na 18, akwai na Livorno da aka riƙa bugawa don Yahudawan Maroko da Tunis da Aljeriya, akwai ƙananan littattafan Bagadaza da Kalkata da tsibirin Jarba, da yawansu Larabci ne da haruffan Ibrananci. Mabiya ɗariƙar Hasidim kuma suna neman bugun garin Slavita da na Zhitomir don albarkar iyalin da suka buga su, ba don ƙarancinsu kaɗai ba, har wani ya fi son kwafin da wani shehinsu ya riƙe ko da ya yage. Akwai kuma Talmud mai juzu'i 19 da aka buga a Heidelberg da taimakon sojojin Amurka, aka gama a 1950, don waɗanda suka tsira daga sansanonin Nazi ba su da littafin karatu. Bai tsufa ba, amma ana nemansa sosai. Gidajen gwanjo irin Kestenbaum a New York da Kedem a Ƙudus suna sa kundin kayansu a intanet da hotuna da bayanin kowane littafi, kowa na iya dubawa ba sai ya saya ba.

Hajiya Babba:
Ni dai abin da zan goyi baya shi ne a ɗauki hoton kowane shafi a sa inda ɗalibi zai gani kyauta kafin a buga ƙararrawar gwanjo. Wanda ya ƙi yarda da wannan sharaɗi, kada gidan gwanjo ya karɓi kayansa.

Mai Kula da Zaure:
Hajiya, babu dokar da ta tilasta haka, amma manyan ɗakunan karatu suna yi da nasu, har da na Parma da Malama ta ambata. Alaramma ya turo mini tambaya ta gefe kan Alƙur'anin farko da aka buga da haruffan dalma. Shi ma a Venis ne, wajen 1537 zuwa 1538, a maɗaba'ar Paganini, kuma an ɗauka ya ɓace sai a 1987 aka gano kwafi ɗaya a ɗakin karatun wasu 'yan coci a birnin. Wannan maganar doguwa ce, zan buɗe mata nata zaren gobe bayan la'asar in sha Allah.